Yadda Ake Gano Ciwon Huhu Mai Daɗewa a Asibitin Karkara, da Yadda Ake Kula da Mai Shi

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari daga Nafada har Kaltungo a Jihar Gombe, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini daga abokan aiki da ke ƙananan asibitocin ƙauyuka. Ga dattijo ko dattijuwa da tari da haki, an yi gwajin tibi ba a samu komai ba, an ba da amoxicillin har an gaji, ga shi kuma ya sake dawowa. Yanzu me za a yi masa? Babu na'urar awon huhu, hoton ƙirji sai an je babban asibiti, wutar lantarki ma sai yadda hali ya yi.

Ni dai abin da na gani shi ne, ba rashin na'ura ne ya fi cutar da waɗannan bayin Allah ba. Rashin bin tsari ne. Ana maganin tarin yau, ba a tambayar me ya sa yake dawowa duk shekara. Matakan da ke ƙasa na manya ne, ba na yara ba, kuma duk adadin maganin da na ambata a gwada shi da littafin ƙa'idar aiki da ke asibitinku kafin a rubuta.

Kayan da za a tanada ba su da yawa: abin sauraron ƙirji, agogo mai sakan, oksimita ta ɗan yatsa mai auna oksijin na jini, bututun awon huci mai auna ƙarfin hura iska da bakunansa na kwali, sikeli, na'urar awon hawan jini, robobin karɓar kaki, inhelar salbutamol guda ta asibiti, gorar ruwa ta roba mai cin rabin lita, da littafi mai bango mai kauri. Oksimita da bututun huci ne kaɗai za su ɗan ci kuɗi, kuma saye ɗaya ake yi musu.

1. Duba ko zai iya jiran layi

Tun daga bakin ƙofa ake fara wannan. Wanda ba ya iya ƙarasa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja numfashi, ko numfashinsa ya wuce 30 a minti, ko bugun zuciyarsa ya wuce 120, ko oksimita ta nuna ƙasa da 90, ko yana gyangyaɗi da sambatu, wannan ba na zaman tambayoyi ba ne. A tsallaka da shi mataki na 8 nan take.

Hattara: ƙirjin da aka saurara aka ji shiru alhali mai shi yana fama, ba sauƙi ba ne. Iska ce ba ta shiga. Sannan oksimita takan yi ƙarya idan yatsa ya yi sanyi ƙalau da safiyar hunturu, ko akwai jan farce ko baƙin lalle. A murza yatsan ya ɗumama, ko a sauya wani, a jira lambar ta tsaya.

2. Fara fitar da tibi daga lissafi

Duk tarin da ya kai sati 2, a ƙasarmu tibi ne ake zargi sai gwaji ya wanke shi. A tambayi zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, jini a kaki, da ko akwai mai tari a gida. A karɓi kaki a fili wajen ɗaki, kaki na can cikin ƙirji ba yawu ba, a aika gwajin GeneXpert, mai gano ƙwayar tibi a kaki, ta hannun jami'in tibi na ƙaramar hukuma. A haɗa da gwajin HIV bayan an yi masa bayani ya amince. Gwajin tibi da maganinsa na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, a faɗa wa mara lafiya hakan da baki, domin da yawa tsoron kuɗi ne ke hana su dawowa. Akwai kuma layin kira kyauta na shirin tibi na ƙasa, 3340.

Hattara: kafin sakamako ya fito kada a ba da ciprofloxacin ko levofloxacin. Suna ɗan taɓa ƙwayar tibi, tarin ya lafa na ɗan lokaci, gwaji ya rikice, ƙwayar kuma ta koyi bijire wa magani.

Hattara ta biyu, wadda ta fi yawan faruwa: mutumin da ya taɓa shan maganin tibi ya gama, GeneXpert na iya ci gaba da ganin gawar ƙwayar a kakinsa tsawon lokaci. Kada ku mayar da shi kan magani da kanku saboda yana tari. Ku tuntuɓi jami'in tibi. Sau da yawa tabon da ciwon ya bari a huhu ne ke damun sa, kuma wannan ciwo ne mai zaman kansa da ke buƙatar irin kulawar da ke tafe a ƙasa.

3. Tambayi hayaƙi da ƙura, ka ba abin lokaci

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan aka fi yin gaggawa. Littattafan da muka karanta sun ɗora toshewar hanyoyin numfashi ta dindindin, wadda likitoci ke kira COPD, a kan sigari. Haka ne, amma mafi yawan matan da za ku gani da ita a Dukku ko Kwami ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Murhu ne. Yarinya ta fara hura wuta tun kafin a yi mata aure, itace ɗanye, karan dawa, wani lokaci kashin shanu, a ɗakin girki mara taga wanda jinkarsa ta yi baƙi ƙirin, har ta kai shekara 55. Huhunta ya sha abin da jinkar nan ta sha.

Don haka kada a tsaya a "kina shan taba?" A zauna a tambaya a tsanake: "Inna, da me kike girki? A tsakar gida ko a cikin ɗaki? Da damina fa? Kina suyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli na sayarwa? Da sanyi ana shigar da garwashi ɗakin kwana?" A tambayi turaren wuta da maganin sauro na kunnawa. Ga maza, a tambayi sana'a tun daga ƙuruciya, ba ta yau kaɗai ba: fasa dutse, haƙar ma'adinai ko kwal, aikin siminti, injin niƙa da na casar shinkafa, sussuka, ƙona gawayi, gashin tsire, bandar kifi irin ta wajen Dadin Kowa. Ga samari a tambayi shisha da wiwi, amma bayan an sallami wanda ya rako su.

Mai shan sigari a yi masa lissafi: kwali ɗaya kara 20 ne. Kwali ɗaya kullum na shekara 10 daidai yake da rabin kwali na shekara 20, kuma daga nan haɗarin ya fara yin nauyi.

Hakin kuma a auna shi da rayuwar mutum, domin "da sauƙi" ita ce amsar kowa ko da yana fama. "Baba, kana iya zuwa masallacin Juma'a da ƙafa ba ka tsaya ba? Bara fa?" "Goggo, kina iya ɗaukar tulu daga rijiya? Daka fa, kin bari?" Wanda sa'anninsa ke wuce shi a hanya ya bambanta da wanda sa riga ma ke sa shi haki. A rubuta amsar da kalmominsa, ita za a sake tambaya bayan wata guda. Idan mara lafiya ya fi sakin jiki da Fulatanci, Tangale ko Tera, a nemo wanda zai fassara, kada a yi maneji.

A ƙarshe a ce ya zazzage ledar magungunansa a kan tebur. Lisinopril da captopril na hawan jini suna sa busasshen tari. Propranolol na iya shaƙe mai asma. Aspirin, ibuprofen da diclofenac suna tayar wa wasu masu asma ciwonsu.

4. Duba jiki, kana neman abin da ba huhu ba

A auna nauyi a rubuta. A duba fatar ido da tafin hannu saboda ƙarancin jini, a danna ƙafa a ga ko ta kumbura, a duba jijiyar wuya, a auna hawan jini, sannan a saurari ƙirji gaba da baya, fata da fata ba ta kan riga ba.

Hattara: ciwon zuciya ne ya fi yin shigar burtu a nan. Wanda ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai, ƙafafu a kumbure, ana jin ƙarar ruwa a ƙasan huhu biyu, zuciya ce. Mace da ta fara haki a watannin bayan haihuwa a zargi raunin zuciya na jego, wanda ya yi yawa a Arewa, a tura ta, kada a sallame ta da inhela. Yatsun da kawunansu suka kumbura farce ya lanƙwashe ba alamar COPD ba ne. Suna nuni ga ruɓewar hanyoyin iska, tabon huhu, ko ciwon daji.

5. Awon huci

Gwajin da ke tabbatar da COPD shi ne sifirometa: bayan an shaƙi salbutamol, idan iskar da mutum ya fitar a sakan na farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya fitar ba. Wannan sai manyan asibitoci. Abin da ke hannunmu shi ne bututun awon huci, kuma tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa ƙananan asibitoci ya yarda da shi.

Mara lafiya ya miƙe tsaye, a mayar da allurar bututun sifili, ya cika ƙirji, ya kama bakin da leɓɓansa gam, ya hura da ƙarfi lokaci ɗaya. Sau 3, a rubuta mafi girma. A ba shi feshi 2 na salbutamol ta gorar roba (yadda ake haɗa ta na mataki na 7), a jira minti 15, a maimaita. Idan lambar ta ƙaru da kashi 20 cikin 100 ko fiye, misali daga 250 zuwa 300, asma ce mafi kusa. Idan ba ta motsa sosai ba, hankali ya fi karkata ga COPD.

Hattara: kada a sa wanda ake zargi da tibi ya hura sai sakamakonsa ya fito, kuma kowa da bakin kwalinsa. Tsofaffi marasa haƙora iska na zurarewa ta gefen baki, sai ka nuna musu da kanka tukuna.

6. Sa wa ciwon suna

Asma takan fara tun ƙuruciya, tana zuwa tana tafiya, ta fi tsananta cikin dare da asuba, ƙura ko turare ko sanyi na tayar da ita, akwai ta a dangi, kuma tsakanin tashi da tashi mutum garau yake. COPD takan bayyana bayan shekara 40, a hankali take ci, ba ranar da mutum yake garau, kuma akwai dogon tarihin hayaƙi. Wanda ke fitar da kaki mai yawa mai wari kullum, musamman bayan tsohon tibi ko ƙyanda mai tsanani, a zargi lalacewar hanyoyin iska. Mai fasa dutse da hakinsa ke ƙaruwa a zargi ƙurar dutse, kuma a riƙa maimaita masa gwajin tibi, domin irinsu sun fi kamuwa.

A rubuta sunan a kati, ko da da alamar tambaya ne. Katin da aka rubuta wa "tari" kawai, ma'aikacin da ke aiki gobe daga farko zai sake somawa. Idan an rasa rabewa tsakanin asma da COPD, a yi maganin asma, domin barin mai asma ba maganin kariya ya fi haɗari.

Sai a gaya wa mai ciwon gaskiya cikin lallashi: "Baba, wannan ba irin ciwon da allura ɗaya ke korewa ba ne. Lallaɓa shi ake yi, kuma in Allah ya yarda za ka koma harkokinka." Wanda ba a gaya masa haka ba, zai ga maganin bai yi ba ya koma kemis.

7. Magani, da gorar da ke kai shi huhu

Mai asma inhela biyu yake buƙata. Beclometasone ita ce ta kariya, maikrogiram 100 zuwa 200 safe da yamma, kullum, ko da yana jin lafiya, ya kuskure baki bayan ya shaƙa. Salbutamol ta agaji ce, sai an ji ƙirji ya ɗaure. Tun 2019 ƙa'idar asma ta duniya ta daina yarda a bar babba da salbutamol kaɗai. Inda aka samu budesonide haɗe da formoterol kuma aljihu zai ɗauka, ita ɗaya tana aikin biyun. Mai buƙatar salbutamol fiye da sau 2 a sati, ko mai shanye gwangwani 3 a shekara, ciwonsa bai kwanta ba.

Mai COPD a fara shi da salbutamol feshi 2 idan haki ya taso. Idan bai isa ba, abin da ya fi shi ne mai dogon aiki irin tiotropium sau ɗaya a rana, sai dai yana da tsada kuma sai a birni. Beclometasone ba ta kowane mai COPD ba ce, tana ƙara haɗarin namoniya, a bar wa likita ya yanke.

Maganar kuɗi ba a ɓoye ta. Farashin inhela ya yi tashin gwauron zabi bayan kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a 2023 kuma naira ta faɗi. A rubuta sunan sinadari ba sunan kamfani ba, domin salbutamol na wasu kamfanonin ya fi araha, a dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. A duba ko mara lafiya na da rajistar GoHealth, wato shirin inshorar lafiya na Jihar Gombe. Kuma a yi masa lissafi a gabansa: gwangwanin salbutamol feshi 200 ne, sannan ya tara abin da yake kashewa a kemis kan ruwan tari da allurai da kuɗin mashin duk wata.

Yanzu gorar. Mafi yawan tsofaffi ba sa iya haɗa dannawa da shaƙa a lokaci ɗaya, maganin a harshe yake ƙarewa. A samo gorar roba ta rabin lita, a wanke da ruwan sabulun wanke-wanke, a bar ta ta bushe da kanta ba gogewa. A ɗora bakin inhela a gindin gorar a zana shi da biro, a yanke daidai zanen da wuƙa mai zafi, a cusa inhelar, a naɗe da filasta kada iska ta fita. An gwada irin wannan gora a Afirka ta Kudu an ga tana aiki kamar ta kanti. Mara lafiya ya girgiza inhela, ya kama bakin gora, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali sau 5. Feshi na biyu sai an sake girgizawa. Kada ya tafi sai ya yi a gabanka, shi da ɗan da ke kula da shi.

Hattara: mutane da yawa na tsoron inhela, wai wanda ya fara ba ya bari, ko ta masu gab da mutuwa ce. A yi maganar tun kafin su yi ta. Ƙwayar salbutamol ta haɗiya da aminophylline sun fi sa karkarwa da bugun zuciya, amfaninsu kuma bai kai ba. Mafi muni shi ne dexamethasone ko prednisolone da ake saye a kemis ana sha wata da watanni: fuska ta kumbura, suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi rauni, tibi ya samu ƙofa. Wanda ya daɗe a kai kada a tsayar masa rana ɗaya, a tura shi likita ya rage a hankali. Ruwan tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana shi tun 2018, ba shi da wuri a nan.

Da azumi ana iya mayar da inhelar kariya lokacin sahur da bayan shan ruwa. Hukuncin shaƙa da rana a bar wa malamai, amma a gaya masa ƙarara kada ya jure shaƙewa.

8. Idan ciwon ya tashi

A zaunar da shi, kada a kwantar. Salbutamol feshi 4 zuwa 10 ta gora, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita duk minti 20 cikin awa ta farko. Prednisolone miligiram 40 nan take, a ci gaba kullum da safe har kwana 5, a lura da sugan mai ciwon suga. Maganin ƙwayoyin cuta sai idan kaki ya ƙaru kuma ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko akwai zazzaɓi: amoxicillin ko doxycycline na kwana 5, ban da doxycycline ga mai ciki.

Hattara da oksijin: ga mai COPD a fara da lita 1 zuwa 2 a minti, ana neman 88 zuwa 92 a oksimita, kada a kai shi 100, domin yawansa na iya sa shi barcin da ba na lafiya ba. Mai asma ana neman 93 zuwa 95. Kada a ba da diazepam ko wani maganin barci don ya natsu. Idan awa ɗaya ta wuce ba sauyi, a nemi mota, a ci gaba da feshi a hanya.

9. Rage hayaƙi, motsa jiki

Ba inhelar da za ta yi nasara idan an koma ɗakin girkin nan. Cewa "ki koma gas" ga matar da ba ta da kuɗinsa ɓata baki ne. A faɗi abin da zai yiwu: a fitar da murhu rumfa, a buɗe taga ko a huda bango ta sama, a shanya itace ya bushe, a daina kwana da garwashi, gidan sauro ya maye gurbin na kunnawa, wata ta karɓi girkin. Wannan magana da maigida ake yin ta, don haka a ce ya zo. Mai sigari a sa masa ranar bari, a tambaye shi duk zuwa, ba da faɗa ba.

Ya riƙa tafiya kullum gwargwadon iyawa yana ƙarawa, ya koyi shaƙa ta hanci da fitarwa a hankali ta leɓɓa a tsuke. Da hazo ya rufe hanci da baki.

10. Wanda za a tura gaba

Mai kakin jini, mai rama alhali gwajin tibi bai nuna ba, mai kumburarrun yatsu ko ƙafa, wanda muryarsa ta dushe makonni, wanda oksijin ɗinsa ke 88 ko ƙasa yana zaune lafiya lau, ɗan ƙasa da shekara 40 da hucinsa bai gyaru da salbutamol ba, mai ciki, da wanda ciwon ya tasar masa sau 2 a shekara duk da magani. A fara da babban asibiti mafi kusa, Bajoga, Kumo, Billiri ko Kaltungo, don hoton ƙirji. Abin da ya fi ƙarfin nan sai Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A rubuta a takardar turawa sakamakon GeneXpert, lambar huci, oksijin, nauyi da duk maganin da aka ba shi, kada ya sake biyan kuɗin abin da aka riga aka yi.

11. Littafin bibiya

A buɗe wa kowa shafi a littafin nan mai kauri: suna, ƙauye, lambar wayar wani a gidan, sunan ciwo, nauyi, huci, oksijin, da amsar da ya bayar kan masallaci ko rijiya. Wanda ciwonsa ya tashi ya dawo cikin sati ɗaya, wanda aka sa wa sabon magani bayan wata ɗaya, wanda ya daidaita duk wata 3. A sa ranar ta dace da ranar kasuwar garin, lokacin da ake samun abin hawa. Duk zuwa ya taho da inhela da gora ya shaƙa a gabanka, domin kafin a ce magani bai yi ba sai an tabbatar yana shiga huhu. A watan Oktoba, kafin iska ta juya, a bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a kira kowa ya zo a duba inhelarsa, wanda ba a samu a waya ba a aika masa ta hannun mai unguwa.